Faifan walimar Baba: Yadda tsofaffin bidiyo ke salwanta a gidajenmu na Douala

Ranar Babbar Sallar da ta wuce, bayan an gama hidimar nama, Inna ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar jaka. A ciki akwai kaset-kaset na bidiyo guda huɗu da faya-fayan CD shida, an naɗe su da ɗankwali. Ta zaro faifai ɗaya ta miƙo min, ta ce, "Sa mana wannan, yaran nan su ga kakansu." Walimar dawowar mahaifinmu daga aikin Hajji ce, Allah Ya jiƙansa, wadda aka yi a ƙofar gidanmu da ke New Bell.

Na'urar kunna faifai ta gidan ta daɗe da mutuwa. Washegari na ari tsohuwar kwamfutar wani abokin aikina, na kwafe abin da ke cikin faifan zuwa filas, na soka a bayan sabuwar talabijin. Sai ta rubuto da Faransanci cewa ba ta san wannan nau'in fayil ba. Inna ta dube ni, ta ce, "Shi ke nan, ya lalace ko?"

Bai lalace ba. Mutane da yawa a unguwanninmu sun zubar da faya-fayan aure, suna da saukar karatu saboda wannan ɗan rubutun, alhali bidiyon yana nan da ransa. Talabijin ɗin ce ba ta jin yarensa.

Faifan namu VCD ne, tsarin da ya fito a 1993, wanda daga baya ya maye gurbin kaset wajen kawo mana fina-finan Kano. Idan ka buɗe shi a kwamfuta za ka ga jaka mai suna MPEGAV, a cikinta kuma fayil kamar AVSEQ01.DAT. Wannan shi ne bidiyon, an shirya shi da tsohon tsarin MPEG-1. Talabijin da wayoyin yanzu sun fi sabawa da MP4. Haka abin yake ga fayilolin 3GP da muka ɗauka da wayoyin Nokia, da AVI na tsofaffin kyamarori, da FLV wanda kasuwarsa ta watse tun kafin kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020.

Wani ɗalibina ya ce min abu ne mai sauƙi, a goge DAT a rubuta MP4. Na ce masa ko ka rubuta "shinkafa" a jikin buhun gero, gero ne dai a ciki. MP4 kwano ne kawai. Hoton da sautin da ke cikinsa suna da nasu tsarin, kuma su talabijin ke dubawa. Shi ya sa wani fayil ɗin za ka ji magana babu hoto, wani kuma hoto na motsi shiru.

Abin da ya fitar da ni shi ne manhajar VLC, wadda ta samo asali daga ɗaliban wata makarantar injiniya a Paris, kuma kyauta ce. Ta buɗe fayil ɗin nan take. A cikinta akwai wurin sauya tsari: na zaɓi hoto H.264, na ba shi sabon suna, na bar ta tana aiki. HandBrake ma kyauta ce, kuma a ganina ta fi sauƙi, don tana fitar da MP4 mai hoto H.264 da sauti AAC, haɗin da kusan kowace waya ke karɓa. Kafin la'asar Baba ya bayyana a talabijin cikin farar jallabiya yana gaisawa da mutane. Inna ba ta ce komai ba, sai da aka zo inda yake addu'a ta ce a ƙara murya.

Sai dai kada a yaudare ka. Hoton VCD ɗigo 352 ne a faɗi, 288 a tsaye, talabijin ta yau kuma 1920 da 1080. Sauya tsari ba ya ƙara abin da kyamara ba ta ɗauka ba, hasali ma kowane sauyi ɗan ragewa yake yi. Duk wanda ya ce ka ƙara kuɗi ya mayar maka da shi tas kamar na jiya, kuɗinka yake so. Kuma a bar hoton a yadda yake, da baƙin fili hagu da dama. Idan aka ja shi ya cika allo, kowa sai ya koma gajere mai faɗi. Abu mafi muhimmanci: kada ka goge na asali. Ni na taɓa yin wannan wautar da bidiyon sunan ɗana na fari. Na tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, na goge nawa don wayar ta cika, na manta cewa manhajar tana matse bidiyo. Wanda ya rage yanzu fuskoki kamar an shafa musu man shanu.

Faifai ke nan. Kaset kuwa labarinsa daban, kuma shi ne yake hana ni barci.

Kaset ba fayil ba ne, zare ne mai maganaɗisu, dole sai an sami na'urar da za ta juya shi. Kamfanin JVC ne ya fito da VHS a 1976, kuma Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar, ya daina a 2016. Duk wadda ta mutu yanzu ta tafi ke nan, sai dai a ciro kayan wata a gyara wata. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da bidiyo ta duniya sun yi gargaɗin cewa lokacin ceto irin waɗannan kaset-kaset yana ƙurewa. Mu a Douala muna da ƙarin matsala: ruwan sama da laimar da ba ta ƙarewa. Ɗakin da takalmi ke yin fumfuna a damina, kaset ba zai tsira a cikinsa ba.

Na yi yawo kafin a kwatanta min wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a wajen Grand Hangar, a Bonabéri. Na hau babur na tsallaka gadar Wouri da jakar Inna a ƙirjina. Na'urori biyu gare shi masu aiki, da uku da yake cire wa kaya. Ya ɗaga kowane kaset ya haska ta tagarsa. Biyu ya ajiye gefe guda, ya nuna min farin ƙura-ƙura a jikin zaren, ya ce, "Malam, waɗannan ba zan sa su ba. Za su ɓata min kan na'ura, zaren ma ya iya tsinkewa. Sai an bushe su an goge a hankali, kuma ban yi maka alkawari ba."

Sauran biyun ya haɗa na'urar da kwamfuta ta wata 'yar ƙaramar mahaɗa ta USB mai wayoyi uku, rawaya da fara da ja. A nan babu gaggawa: kaset na awa uku, awa uku zai ci, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiya sai a koma farko. Ɗaya ya fito da launinsa. Ɗayan, wanda wani kawunmu ya aiko daga Faransa, ya fito fari da baƙi, saboda can SECAM suke amfani da shi, mu kuma a Kamaru PAL. Hoton lafiyarsa lau, na'urar ce ba ta karanta launin.

Ka tambayi mai yi maka aikin yadda zai yi. Wasu kunna kaset ɗin suke yi a talabijin su ɗauki allon da waya, su karɓi kuɗi.

Yanzu fayilolin suna wuri uku: a kwamfuta, a filas da ke hannun Inna, da kuma wajen ƙanwata a Garoua, domin waya a kan sace ta, filas kuma yakan mutu ba sallama. Kowane na rubuta masa suna da shekara da mutanen da ke ciki, Inna na faɗa ina rubutawa, don akwai fuskokin da ita kaɗai ta san su. Kaset biyun masu fumfuna suna can wajen dattijon. A jikin ɗaya an rubuta "ɗaurin aure" da ajami, da rubutun Baba. Ya ce in leƙo bayan mako biyu.