Gado da Rigakafi a Ciwon Sukari na Manya

Gabatarwa

Kalmar "gado" a bakin Bahaushe ba ta tsaya ga dukiyar da mamaci ya bari ba. Akan gaji sarauta, a gaji sana'a, a gaji hali, har ma a gaji cuta. Shi ya sa idan ciwon sukari ya kama uba, ya kama kawu ko gwaggo, sai 'ya'yan gidan su sallama, suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Manufar wannan maƙala ita ce a duba ko wannan sallamawa tana da tushe. Za a bayyana yadda ciwon yake, da abin da ake gada daga iyaye, sa'an nan a auna iyakar abin da sauyin ci da motsa jiki za su iya hanawa.

Yadda ciwon yake

Duk abincin da muka ci mai gari, kamar tuwo da shinkafa da burodi da rogo, yakan narke ya zama sukari, ya shiga jini. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ke fitar da sinadarin insulin, wanda aka fara tace shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921. Aikinsa shi ne ya buɗe wa sukari hanya daga jini zuwa tsoka da hanta, inda za a yi amfani da shi ko a ajiye.

Manyan nau'o'in ciwon biyu ne. A nau'i na farko, wanda ya fi kama yara, jiki ne da kansa yake hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin. A nau'i na biyu kuwa, watau na manya, insulin yana nan amma jiki ya daina jin kiransa sosai. Gaɓar takan ninka aikinta shekara da shekaru domin ta cike giɓin, har ta gaji, daga nan sukari ya taru a jini. Wannan nau'i shi ne kimanin kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, kuma a kansa za mu yi magana. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon sukari, kuma a Afirka fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

Abin da ake gada

Domin a fahimci irin wannan gado, ya kyautu a kwatanta shi da na sikila, wadda muka sani ƙwarai a ƙasar Hausa. Sikila daga ƙwayar halitta guda take fitowa. Yaron da ya karɓe ta daga uwa da uba duka, lalle yana da cutar tun ranar haihuwa, kuma babu abincin da zai canja haka. Ciwon sukari na manya ba haka yake tafiya ba. Masana sun gano ɗaruruwan wurare a cikin ƙwayoyin halittar ɗan'adam da ke da hannu a cikinsa, kowanne da ɗan ƙaramin tasiri. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira TCF7L2, wanda masu bincike a ƙasar Aislan suka danganta da ciwon a 2006. Duk da shahararsa, mutane da yawa suna ɗauke da shi har tsufa ba tare da sun kamu ba.

Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne, wanda ɗaya daga cikin iyayensa ke da ciwon, haɗarinsa a tsawon rayuwa yakan kai wajen kashi 40 cikin 100. Idan kuwa duka biyun ne, yakan kusanci kashi 70. Wannan adadi babba ne, amma ya kamata mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, ko a gidan da gadon ya fi ƙarfi akwai masu tsira. Na biyu, ba jini kaɗai ake gada a gida ba. Ana gadon tukunya ma. Yaro yakan tashi da irin cimar gidansu da irin zamansu, don haka wani sashe na abin da ake kira gado al'ada ce.

To, ta yaya za a raba jini da al'ada? Hanya ɗaya ita ce a sami al'umma mai asali guda wadda rayuwa ta raba ta biyu. Haka ya faru ga ƙabilar Pima ta nahiyar Amurka. Wasunsu suna jihar Arizona, inda suka bar noma suka koma cin abincin kanti. Wasu kuwa suna tsaunukan Meziko, suna noma da aikin ƙarfi. Binciken da aka buga a 2006 ya nuna kashi 38 cikin 100 na manyan Pima na Arizona suna da ciwon, amma a Meziko kimanin kashi 7 ne kacal. Asali ɗaya ne, rayuwa ce ta bambanta. Ashe abin da ake gada rauni ne, watau sauƙin kamuwa, ba ciwon da kansa ba.

Shaidar rigakafi

Kwatanta al'umma biyu ishara ce kawai. Hujja mai ƙarfi ita ce a gwada. An yi manyan gwaje-gwaje uku a kan mutanen da sukarinsu ya fara hawa amma bai kai matsayin ciwo ba.

Na farko an fara shi a birnin Daqing na ƙasar Sin a 1986 da mutum 577. Bayan shekara 6 aka ga gyaran abinci ya rage kamuwa da kashi 31 cikin 100, motsa jiki kuwa da kashi 46. Na biyu an yi shi a ƙasar Finlan da mutum 522, aka buga sakamakonsa a 2001, inda raguwar ta kai kashi 58. Na uku, wanda ya fi girma, an yi shi a Amurka da mutum 3,234, aka buga shi a 2002. An buƙaci rukuni ɗaya su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi motsa jiki na minti 150 a mako, kamar tafiya da sauri. Su ma raguwarsu kashi 58 ce, alhali waɗanda aka ba ƙwayar metformin tasu kashi 31 ce.

Abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne, an koma an duba ƙwayoyin halittar mutanen wannan gwaji na Amurka. Sai aka ga masu ɗauke da nau'in TCF7L2 mai haɗari sun fi saurin kamuwa idan ba a yi musu komai ba, amma a rukunin da ya sauya rayuwa wannan ƙarin haɗari ya ragu ƙwarai. Watau mai gado ma rigakafin yana yi masa aiki.

Iyakar rigakafi

Sai dai gaskiya ba ta cika ba idan ba a faɗi iyakarta ba. Da aka ci gaba da bin mutanen gwajin Amurka har shekara 15, raguwar ta sauko zuwa kashi 27, kuma fiye da rabin waɗanda suka sauya rayuwa sun kamu daga baya. Ga mutane da yawa, jinkiri aka samu, ba kuɓuta ba. Amma jinkirin ba abin rainawa ba ne, domin illar ciwon ga ido da ƙoda da zuciya da ƙafa tana ƙaruwa ne gwargwadon shekarun da sukari ya yi yana sama. A Daqing, bayan shekara 30, an ga waɗanda aka yi wa gyaran sun sami jinkirin kusan shekara 4, ciwon zuciya ya ragu a cikinsu, kuma sun ɗan fi tsawon rai.

Wannan yana koya mana kada mu zargi majinyaci. Akwai siriri mai aikin ƙarfi da ciwon ya kama, akwai mai teɓa da ya tsira. Cewa kowane mai ciwon sukari kwaɗayinsa ne ya jawo masa, zalunci ne kuma jahilci ne.

Abin da ya kamaci mai gado

Rayuwar birni ta rage mana tafiyar ƙasa da noma da daka da ɗebo ruwa, ta ƙara mana lemon kwalba da shayi mai sukari da farar shinkafa. Wanda ya san akwai ciwon a zuriyarsa sai ya rage waɗannan, ya yawaita wake da ganye irin su zogale da rama, ya fifita hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, ya rage girman malmala. Ya yi tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar a mako, ya kula da teɓa, ya nisanci taba.

Bugu da ƙari, kada ya jira alamomi irin su yawan fitsari da ƙishirwa da rama, domin ciwon yakan yi shekaru a ɓoye. Ya riƙa zuwa awon jini. Idan awon safe kafin karin kumallo ya kai 126 a ma'aunin miligiram, aka maimaita aka sami haka, ciwon ya tabbata. Matar da sukarinta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki ta fi kowa bukatar wannan awo.

Kammalawa

A taƙaice, ciwon sukari na manya yana bin jini, amma ba irin bin da sikila take yi ba. Gado yana ƙara haɗari, sauyin rayuwa kuma yana rage shi da fiye da rabi a shekarun farko, ya jinkirta zuwan ciwon ga da yawa daga cikin sauran. Saboda haka sanin tarihin gida gargaɗi ne da ya iso da wuri, kuma wanda aka gargaɗa tun da sauran lokaci ya fi kowa damar yin aiki da maganar magabata, cewa rigakafi ya fi magani.