Uwargida, Ki San Zafin Injin Tsohuwar Bas Kafin A Kama Hanya

'Yar'uwa, in gidanku na da tsohuwar bas da ake ɗibar yara a je ganin dangi, wannan magana taki ce, ko da ba ke ke tuƙi ba. Ke ce a gefen direba, yaranki ne a baya.

Ɗauki Volkswagen T3, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1979. Turawa kan sa mata gado da murhu su riƙa kwana a ciki in sun fita yawon hutu. Da ta tsufa aka kawo mana, har ta cika titunan Legas da sunan danfo. Irin mai amfani da ruwa, injinta na can baya, lagireto kuwa a gaba, don haka sai ruwan ya bi dogayen bututu ta ƙarƙashin mota ya je ya dawo. Ko'ina roba ta haɗu da ƙarfe, to wurin yoyo ne. Hiace kuwa injinta na ƙarƙashin kujerar gaba, amma tiyonta ma tsufa yake yi.

Tiyo daga ciki yake fara lalacewa. Da safe, injin na sanyi, a sa hannu a matsa kowanne. Lafiyayye zai lotsa ya dawo. Wanda ya yi laushi kamar burodi, ko ya kumbura kusa da maɗaurinsa, ko ya bushe ya tsattsage, a canza shi tun a gida, kada a ɗaure da roba a ce zai kai. A leƙa ƙasan mota ko akwai ɗigo kore ko ja.

Ruwan rijiya zalla na tara tsatsa da dattin gishiri a lagireto, shi ya sa ake zuba kulan. Sai dai mafi yawansa guba ne mai zaƙi, yana kashe ƙoda. Don Allah kada a juye shi a robar lemo a ajiye inda yaro zai kai hannu. Wasu kanikawa kuma kan cire tamostat wai ƙasarmu da zafi. Ni dai ban yarda ba, ɓoye ciwon ne kawai, kuma motar za ta ƙara shan mai.

To in kuna tafe kika ga allurar zafi ta doshi ja fa? Ki ce wa maigida ko direba ya kashe esi, ya kunna hita, domin tana janye zafi daga injin, ya nemi gefen hanya ya tsaya ya kashe mota. "Bari mu ƙarasa gari" ita ke ƙona gaskit.

Kada kowa ya taɓa murfin ruwan. Ruwa na tafasa ne a digiri 100, amma matsin da murfin ke riƙewa kan bar shi ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Ana buɗewa zai yi tsiri ya watsu a fuska da ƙirji. A fitar da yara nesa da titi, a jira aƙalla minti 30, sannan a buɗe a hankali da tsumma mai kauri. In Allah ya ƙaddara wani ya ƙone, a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi tsawon minti 20, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, sannan a wuce asibiti.