Ƙaryar da Doka ta Yarda da Ita: Darasi Daga Wasan Birij

Shin akwai wasan da dokarsa ta ba mutum damar yaudarar abokin hamayya, amma kuma a kore shi saboda tari kawai? Akwai. Sunansa birij, wani wasan karta na kaifin tunani da ya shahara a Turai da Amurka. Ba'amurke Harold Vanderbilt ne ya tsara lissafin makinsa na zamani a shekarar 1925, aka kuma kafa hukumarsa ta duniya a 1958. A manyan gasa, kartar da aka raba a wannan tebur ita ake sake bugawa a wancan, don a gwada gwaninta maimakon sa'a.

Yadda ake tayi

Mutum huɗu ke yin wasan, biyu suna karawa da biyu, kowa na fuskantar abokinsa. Ana raba karta 52, kowa ya sami 13, sannan a buga zagaye 13. Kafin a fara bugu sai an yi tayi tamkar a wurin gwanjo: kowane ɓangare ya faɗi yawan zagayen da zai iya ci, wanda tayinsa ya fi tsada shi ke ɗaukar alkawari. In ya cika ya sami maki, in ya kasa makin ya koma wa abokan hamayya.

Kalmomin tayi 38 ne kacal, kuma da su kaɗai aka yarda mutum ya sanar da abokinsa abin da ke hannunsa. Akan auna ƙarfin hannu da maki: As 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1, jimla 40 a dukkan kartar. Wanda ya buɗe tayi yana nufin yana da wajen maki 12 ko fiye. Sharaɗin shi ne, duk ma'anar da abokai biyu suka ba wani tayi, wajibi ne su bayyana ta ga abokan hamayya.

Tayin yaudara

Mai karatu ya ɗauka shi ne na uku a layi. Abokinsa ya ce ya wuce, na biyu ma ya wuce, shi kuwa maki 3 gare shi. Tunda abokinsa bai kai 12 ba, abokan hamayya suna da aƙalla 26, wanda yawanci ya ishe su cin babban maki. Sai ya buɗe tayi kamar mai ƙarfi, don su tsorata su tsaya a ƙaramin alkawari. Wannan shi ne tayin yaudara, wanda wata Ba'amurkiya, Dorothy Rice Sims, ta yayata a farkon shekarun 1930.

Doka ta 40 ta wasan ta halatta haka, muddin abokin mai tayin bai fi abokan hamayya sanin abin da ake ciki ba. Wato mutum uku ake ruɗarwa, har da nasa. Abokin na iya gaskatawa ya ƙara tayi, su ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfinsu, su tafka asara. Wannan haɗarin shi ne farashin yaudarar, shi ne kuma ya sa ta zama adalci. Amma idan mutum ya yawaita ta har abokinsa ya gane halinsa ya riƙa taka tsantsan, doka ta ɗauki wannan a matsayin yarjejeniya. In ba a bayyana ta ba, alƙalin wasa na iya sauya sakamakon.

Abin da kimiyyar halittu ta gano

Masu nazarin halayyar dabbobi sun san wannan ƙa'ida. A 1862 Henry Walter Bates ya bayyana yadda wasu malam-buɗe-littafi marasa guba na dajin Amazon ke kama da masu guba, tsuntsaye su guje su. Dabarar tana aiki ne muddin masu kwaikwayon ba su yi yawa ba. In suka yawaita, tsuntsu zai ɗanɗana ya ji ba komai, launin ya daina ba shi tsoro.

A hamadar Kalahari akwai wani baƙin tsuntsu mai rabebbiyar wutsiya, ana ce masa dorongo. Yakan yi kukan gargaɗi na gaskiya idan ya hango shaho, wasu ƙananan dabbobi dangin tunku su ruga rami. Wani lokaci kuma sai ya yi kukan ba shaho ba dalilinsa, su gudu su bar abinci, ya sauko ya ɗauke. Binciken da Tom Flower da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya nuna cewa idan dabbobin suka fara yin biris da shi, sai ya sauya salon kuka. A daji ko a tebur, ƙarya kan gaskiya take rayuwa. In ta yi yawa sai ta kashe alamar da take ci da ita.

Inda yaudara ta zama maguɗi

Maguɗi shi ne abokai biyu su buɗe wata hanyar magana a ɓoye. A gasar duniya ta 1965 a Buenos Aires, an zargi Ingilishi biyu, Terence Reese da Boris Schapiro, da nuna yawan kartarsu mai alamar zuciya ta yadda suke jera yatsu. Hukumar duniya ta same su da laifi, amma binciken da aka yi a Ingila ya wanke su. A 1975 a Bamuda an ga wani ɗan Italiya yana taɓa ƙafar abokinsa, sai aka sa shamaki a ƙarƙashin tebur, ƙari a kan allon da ke hana abokai ganin juna. A 2013 a tsibirin Bali, an tuhumi wasu likitoci biyu Jamusawa da isar da saƙo ta hanyar tari.

A 2015 wata masaniyar kimiyya 'yar Holan, Maaijke Mevius, ta lura a bidiyo cewa Fulvio Fantoni da Claudio Nunes suna ajiye karta wani lokaci a tsaye, wani lokaci a kwance. Aka yi zato cewa tsayuwar na nufin akwai babbar karta a hannu, aka gwada zaton a kan wasanni masu yawa, ya dace da mafi yawansu. Hukumar Turai ta dakatar da su, amma a 2018 kotun wasanni ta Lozan ta soke hukuncin, ta ce hujjar ba ta gamsar ba. Ɗalibi ya lura: lura, zato, gwaji, sannan a auna ƙarfin hujja, wannan ita ce hanyar kimiyya.

Ma'aunin dai guda ne. Mai tayin yaudara ya yi abinsa a gaban kowa, ya kuma ɗauki haɗarinsa. Mai maguɗi kuwa ya ba abokinsa sanin da ya hana sauran biyun. Malamai za su iya gwada wannan ma'auni da ɗalibai a kan yaudarar gola a bugun fanareti, su tambaye su a wane gefe ta faɗa.