Matatar Baƙin Mai: Ina Inganci Yake?

Aikin matatar baƙin mai, wato filta, shi ne tare ƙura da ɓurɓushin ƙarfe kafin su cinye sassan injin mota. Sunayenta suna da yawa, amma kamfanonin da suka mallake su kaɗan ne. Misali, Mann+Hummel na Jamus, mai Mann-Filter, ya kammala mallakar Purolator a 2013, ya kuma sayi Wix a 2016.

Saboda haka suna kaɗai ba ya nuna inganci, sai an dubi ciki. Matata mai zaren roba ta fi mai takarda kama ƙananan ɓurɓushi. Ta ƙwarai kuma tana da bawul mai hana mai tsiyayewa idan an kashe inji, don kada ya tashi a bushe. Da yake akwai jabu a kasuwa, wajibi ne a nemi lambar da ta dace da motar wurin amintaccen dillali.