Yadda Za Mu Gane Sifa a Jimlar Turanci

Duk ɗalibin da ke harin jami'a, daga Rijiyar Zaki har Fanisau, ya san sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma dole Turanci ya kasance cikinsu. A jarrabawar JAMB ma, tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne. Ɗaya daga cikin wuraren da maki ke zube mana shi ne gane sifa, wadda malaman Turanci ke kira adjective.

Sifa ba baƙuwarmu ba ce. Kullum muna cewa farin sa, farar saniya, fararen shanu. A Hausa sifa tana sauya kama, ta bi jinsi da adadi, shi ya sa kunne ke saurin cafke ta. Ta Turanci kuwa ba ta motsi: white bull, white cow, white cows. Tunda kamarta ba za ta tona ta ba, sai mu duba inda take zama da aikin da take yi.

Mazauninta biyu ne. Na farko gaban suna, kamar a ripe millet, wato nunannen gero. A Hausa muna iya cewa farar saniya ko saniya fara, amma cow white kuskure ne. Na biyu bayan kalmomi irin su is, are, was, seems da looks. The millet is ripe: a nan ma ripe sifa ce, domin gero take siffantawa.

Dabarar ita ce mu fara nemo suna, sannan mu tambaye shi, "Wane iri?" Mu gwada: The tired farmer sold fresh tomatoes at Bachirawa. Wane irin manomi? Tired. Wane irin tumatir? Fresh. Mun samu sifa biyu ke nan.

Sai dai akwai tarko. Da yawanmu mun haddace cewa kalma mai ƙarewa da -ly bayanau ce. Quickly haka take, amma friendly da lovely sifofi ne, domin suna suke siffantawa: a friendly teacher. Wata kalmar kuma baki biyu gare ta. A The early rain helped us, early sifa ce, ruwan sama take bayyanawa. A We woke early, ta koma bayanau, lokacin tashinmu take faɗa. Haka fast take a a fast motorcycle da kuma He rides fast.

Tarko na ƙarshe daga Hausarmu yake fitowa. Abin da muke faɗa da "mai" ko "marar", Turanci kan dunƙule shi a kalma ɗaya: mai tsada expensive, marar lafiya sick. "Yana jin yunwa" kuma He is hungry ne.

Ga aikin mako. A fito da sifofin da ke cikin waɗannan jimloli, a kai wa malamin Turanci ya duba:

1. The old road to Kadawa is dusty.
2. Our new teacher speaks slowly.
3. A hard worker works hard.

Mai sa ido zai samu biyu a ta farko, new a ta biyu, ya kuma gane wace hard ce sifa a ta uku.