Mai Taɓin Hankali Asibiti Ake Kai Shi, Ba Mari Ba

Jama'a, ku saurara. Ni malamin disfensare ne a Ɗorayi, kuma sau da yawa nakan ga an kawo mutum ƙafafunsa duk gyambo. In na tambaya sai a ce hankalinsa ne ya taɓu aka ɗaure shi a turu, wata shida ko shekara. Ga ciwo na fari bai warke ba, ga na biyu mun ƙara masa da hannunmu.

Taɓin hankali ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda tarin fuka yake ciwon huhu. Wani yakan gaje shi. Wani yakan same shi bayan zazzaɓi mai tsanani ko buguwa a ka. Mace takan kamu bayan haihuwa. Samari kuwa, har da masu aikin ƙarfi a kamfanonin Sharaɗa da Chalawa da Bompai, sukan jawo wa kansu ta shan wiwi da ƙwaya don kashe gajiya. Saboda irin wannan ɓarna ce Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin a 2018.

Alamunsa na fari su ne rashin barci, da yawan surutu ko yin shiru ƙwarai, da zargin mutane ba dalili, da jin muryar da ba mai jinta sai shi.

Ina za a kai shi? A Kano akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, kan hanyar Katsina. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma yana da sashensu. Gwamnatin Tarayya tana da nata a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Ba kurkuku ba ne. Likita yakan duba, ya ba da ƙwaya ko allura, da yawa kuma a ranar suke komawa gida. Tun 1954 Likita Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa majiyyaci yakan sami sauƙi yana zaune cikin jama'a tare da ɗan'uwansa. A 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin waɗannan bayin Allah.

Akwai wani abu dabam da ake haɗawa da hauka, alhali ba shi ba ne. Shi ne yaron da ya yi jinkirin zama, da tafiya, da magana, da gane karatu. Yakan samo asali daga doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai, ko sanƙarau, ko rashin gishiri mai aidin a abincin uwa. Allura ba ta sauya shi, duka kuwa ƙara lalata shi yake yi. Haƙuri yake so, a koya masa wanka da cin abinci da ƙaramar sana'a. In yana farfaɗiya, wannan tana da magani.

Ga abin da maigida zai yi:

1. Da ganin alamu a zo disfensare, mu rubuta takarda zuwa babban asibiti.
2. Wanda ya san yadda ciwon ya fara shi zai raka shi.
3. Kada a bar magani don an ga sauƙi, sai likita ya ce. Yawancin masu komawa ciwo nan suka yi kuskure.
4. A ɓoye wuƙa da igiya da maganin ƙwari. In ya ambaci kashe kansa, a kai shi a ranar.
5. A hana yara jifansa da yi masa waƙa.

A yi addu'a, a kuma nemi magani, ɗaya ba ya hana ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.