Ko Kun Sani? Jirgin Ƙasan da Ba Shi da Matuƙi

Ko kun sani, tun zamanin da gyaɗar Dungas da Magaria take gangarawa bisa raƙuma da manyan motoci zuwa Kano, inda layin dogo ya iso a shekarar 1911, hikimar da Allah Ya hore wa ɗan Adam ta yi ta ɗaukaka, har ta kai ga jirgin ƙasa mai tafiya babu matuƙi?

A birnin Kobe na ƙasar Japan aka buɗe layin irin wannan jirgi mai suna Port Liner a 1981, sa'an nan Yurikamome ya biyo baya a 1995, yana bin gaɓar tekun Tokyo bisa tayoyin roba, kwamfuta ce ke tayar da shi, ita ke tsayar da shi daidai bakin tasha. Kuma da yake mazaunin matuƙi fanko ne, ma'abota sha'awar jirage sukan yi rige-rigen kujerar gaba, domin su more kallon teku da gadoji.

Fatakenmu masu zuwa Dubai kuwa shaidu ne ga wannan al'ajabi, domin jirgin birnin, wanda aka ƙaddamar ranar 9 ga Satumba 2009, haka yake gudana.